Ka Fara da Gidan Iya

Tudun Wada, Minna.

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Tanko, a Jebba. Gaisuwa mai yawa daga mahaifiyarka, da fatan takardar nan ta same ku kai da matarka Hauwa cikin ƙoshin lafiya. Ina gajiya, ina aiki, yaya zafin bakin kogi? Mu nan lafiya lau muke, sai kewar da ba ta fita. Yayyenka mata duk suna gaishe ku. Allah ya tsare ku a zaune, ya tsare ku a tafe, ya jiƙan babanka, ya yalwata masa makwanci.

Bayan haka, takardarka ta iso, kuma da kaina na karanta ta, sannu a hankali, yadda aka koya mana a ajin manya. Na ga tsarin da ka yi wa hutunka na farko. Ka ce za ku taso a jirgin ƙasa na Ikko ku sauka nan Minna ku yi mini kwanaki, sannan Kaduna gidan Baba Garba aminin babanka, sannan Zariya gidan Gwaggo Kande, sannan Kano wurin abokinka na makaranta don Hauwa ta ga birni. Daga ƙarshe ku wuce ƙasar Haɗeja wurin Iya, kakarka mahaifiyar babanka. Ka ce ta haka ba za ku biya kuɗin masauki ko sau ɗaya ba, kuma za ka yi wa kowa godiyar ta'aziyya a kan hanya.

Tsari ne na mai hankali, na mai tattalin abin hannunsa. Amma da na kai ƙarshen takardar sai na kasa cin tuwo, domin na taɓa yin irin tafiyar nan, kusan tasha bayan tasha, kana goye a bayana.

Kafin in ba ka labarin, ga abin da ba ka sani ba. Wani mai fataucin shanu daga garin su Iya ya zo kasuwar nan, ya nemo gidanmu ya yi gaisuwa. Ya ce tun da labarin rasuwar babanka ya kai mata ba ta ƙara fitowa tsakar gida ba. Ba ta cin komai sai kunu. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta tambaye shi ko ya ji labarin zuwan Tanko. Na ce masa, "Jikin nata da tsanani?" Ya ce, "Tsufa ne dai, Allah ya sa da sauƙi." Bai dube ni ba da yake faɗa.

Saƙon da ya zo mini a kan tawa mahaifiyar, Inna, bai ma kai wannan nauyi ba. Cewa kawai aka yi ƙafa ta yi mata nauyi, kuma tana so a kawo mata namijin da na haifa ta gan shi. A lokacin tana ƙauyenmu, gaba da Ƙaura Namoda. Babanka ya ce mu bari a gama Babbar Salla, ɗinki ya ja baya, sai ya rufe keke mu tafi. Muka bar yayyenka wurin maƙwabta. Ni ban taɓa yin tafiya don ganin gari ba. Tun da aka kawo ni Minna, sau ɗaya na koma gida, lokacin haihuwar fari, kuma ban ga komai a hanya ba sai cikin mayafina. Saboda haka na ɗauki wannan tafiya kamar biki.

Kuskurena na farko tun daga ɗaki na yi shi. Na ce ba zan shiga gidan kowa hannu sake ba, kuma mutumin Minna ba shi da tsarabar da ta wuce doya. Na sa aka sayo mini ita daga Garatu, manya-manya, na kasa ta gida-gida: ta Kaduna, ta Zariya, ta Inna. Na ƙara da man kaɗe, da tukunya, da tabarmi. Babanka ya tsaya bakin ƙofa yana kallon kayan, ya ce, "Dije, in ƙaura za mu yi ki gaya mini, in je in sallami mai gidan haya."

Na ce, "Malam, ai kunya ce mutum ya je da hannu biyu."

Ya ce, "To, ai ni ma hannu biyun gare ni."

A tasha aka ɗora kayan a sikeli, aka ce sun wuce abin da fasinja ke shiga da shi, sai an biya musu nasu. Duk inda muka sauka sai mun nemi 'yan dako. Kafin mu kai Zariya doyar Inna ta fara ruɓewa ta gefen da ta bugu. Abin da muka ce mun tsira da shi na masauki, a kan doya ya tafi. Don haka ka ji: akwati ɗaya, tabarma ɗaya, buta, da ƙullin guzuri. Abin da kai da Hauwa ba za ku iya ɗauka ku yi sauri da shi ba, ku bar shi a Jebba. Tsaraba kuwa, goro da sabulu da ɗan turare sun isa, ba sa nauyi, kuma ba wanda ya taɓa raina su.

A cikin jirgi, taragon talakawa ba abin kunya ba ne, bencin katako ne kawai, kuma tare ake isa da masu kujerar laushi. Ku shiga da wuri ku samu gefen taga, amma kada Hauwa ta riƙa leƙawa in jirgi na hawan tudu. Burbushin kwal ya faɗa mini a ido kafin Kaduna, na yini ina hawaye, babanka na ce wa mutane kewar gida ce. Ku cika buta a duk tashar da ke da famfo. Abincin tasha ku sayi wanda kuka ga ana kwashewa daga wuta.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda saboda shi na zauna rubuta wannan.

Mun sauka Kaduna gidan Baba Garba da niyyar mu kwana mu wuce. Ka san shi, ka san matarsa Yaya Asabe, mutanen kirki ne har gobe. Aka yanka mana kaza, aka ba mu ɗakinsu. Da gari ya waye babanka ya ce za mu kama hanya, sai Baba Garba ya ce, "Wace hanya? Shekara nawa rabona da kai? Ko gajiya ba ku sauke ba. In ka fita gidan nan yau, kada ka ƙara kirana amini." Muka yi dariya muka zauna. Ka san al'adarmu, wanda ya sauka gidan mutum ba ya ɗaukar kayansa sai mai gida ya sallame shi. Washegari aka ce ai ba mu gaida wane ba, ba mu gaida wance ba, za su ji haushi in sun ji mun zo mun wuce. Ranar da muka ɗaure kaya da gaske, na fito wanka na tarar Yaya Asabe ta kwance ƙullina, ta tsoma zannuwana da zanen goyonka duka a ruwan wanki.

Na ce, "Yaya, yau fa za mu tafi."

Ta ce, "Da wannan dauɗar? A ce daga gidana kika fito? Sai sun bushe, 'yar nan. In kina sauri ki hura musu iska da baki."

Ranar kuwa hadari ne a sama. Muna jin kukan jirgi daga tsakar gida, tana ba ni labari tana dariya, ni ma ina dariya. Kada ka ɗauka na ji haushi. Daɗi na ji, domin tun da na yi aure ba wanda ya taɓa riƙe ni don yana son ganina.

A Zariya Gwaggo Kande ba ta jiƙa kayan kowa ba. Kishingiɗa kawai ta yi ta ce 'yarta ta haihu, suna saura kwana kaɗan, in mun tafi kafin suna to ta san matsayinta a wurin ɗan'uwanta. Babanka ya dube ni, na dube shi. Wa zai ce mata a'a? Muka tsaya suna. Na yi daka, na yi wanke-wanke, na ba da gudummawar da ban shirya ba. Ban ce da kowa mahaifiyata na jirana ba, don ina jin kunyar in nuna na fi son nawa dangin a gidan dangin miji.

Ka ga inda lissafinka ya karkace, Tanko. Gidan ɗan'uwa ba a biyan kuɗin ɗaki, gaskiya ne. Amma kwanakinka kake miƙa wa mai gida, shi zai yanke ranar tafiyarka, kuma da ƙauna zai yi, ta yadda ba ka da bakin musu. Wanda ya biya ɗan abin da ya biya a masauki, da asuba sai ya naɗe tabarmarsa, ba wanda zai ce masa tsaya.

Saboda haka a tafiya kada ka sauka Kaduna, kada ka sauka Zariya. Ka yanki tikitinka har Kano. A can dole ku kwana, domin jirgin Nguru, wanda zai kai ku Malam Madori, ba kullum yake tashi ba. Kada ka nemi abokin nan naka, kada ma ya san ka shigo gari. Ka tafi Fagge, ba nisa da tasha, ka nemi gidan fatoma, irin masu saukar da fatake. Kada ka bi wanda ya tare ka a bakin tasha yana jan akwatinka. Ka je masallacin unguwa ka yi salla, ka tambayi dattawa wane gida ne mutum zai sauka da iyalinsa. In an kai ka, ka duba ko akwai rijiya, ko mata na da nasu wurin wanka, ko ƙofar ɗakin na da sakata. Ka ɗaga tabarmar da ke ciki ka duba bakinta saboda kuɗin cizo, in ka ga alama ka jingine ta waje ka shimfiɗa taka. Ku gama maganar abin da za ka biya kafin ka ajiye kaya, ka tambaya ko da ruwa a ciki. Wannan ba rowa ba ce, shi mai gidan ma ya fi son haka.

Na san irin gidan nan ne domin mun kwana a ɗaya. A nan kuma laifin ba na Baba Garba ba ne, ba na Gwaggo ba ne, nawa ne ni kaɗai.

Daga Zariya hanyar Ƙaura ke rabuwa. Da an gama suna kamata ya yi mu hau jirgin can. Amma a wurin suna na ji mata suna labarin Kano, da kasuwarta, da marina, na ga wani baƙin zane rinin Kano mai sheƙin bugu a jikin wata tsohuwa. Na ce wa babanka, "Malam, doyar Inna ta ruɓe. Da me zan shiga wurinta? Ga Kano nan kusa. Mu je in saya mata irin zanen can, mu dawo." Gaskiya ce ina son zanen. Amma birnin nake so in gani, na fake da Inna.

Ya ce, "Kin daɗe ba ki roƙe ni komai ba. Mu je."

Ba mu san kowa a Kano ba, shi ya sa muka sauka gidan wani fatoma, ɗaki ƙarami mai ƙofar kara, kusa da inda ake ɗaure jakuna. Tanko, ban san yadda zan gaya maka wannan ba. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa zama da babanka mu kaɗai ba, ba keke, ba masu jiran ɗinki, ba tukunya a wuta. Shi ya sayo mana gurasa da tsire, muka ci a kwano ɗaya. Ya karɓe ka ya saɓa a kafaɗa a tsakiyar kasuwa, mutane na kallonsa, bai damu ba. Ya hau da ni Dala, ina haki yana tsokanata, wai macen da ke dakan gero mudu-mudu ta kasa ɗan tudu. Daga sama ya nuna mini gabas ya ce, "Can ne garinmu. Wata rana zan kai ki ki ga inda aka binne cibiyata." A wurin masu zane ya yi ciniki kamar zai yi faɗa, don shi tela ne, ya san ƙyalle. Da muka fito ya ce, "Wannan in Inna ta ɗaura, sai an sake neman aurenta."

A duk zamana da shi ban yi kwanaki masu daɗin waɗannan ba. Kuma su ne kwanakin da suka hana Inna ganinka. Shekara da shekaru ina juya wannan a raina, ban iya raba su ba. Yanzu da ya tafi, in na rufe ido ɗakin nan mai ƙofar kara nake gani, sai in ji daɗi, sai kuma in ji kunyar daɗin.

Shi ya sa ba zan ce maka kada ka kai Hauwa ta ga Kano ba. Ka kai ta. Ka hau da ita Dala, ka saya mata abin da idonta ya tsaya a kai, ko ƙarami ne. Ka sauka Zariya, ka sauka Kaduna, ka yi godiyar ta'aziyya yadda ya kamata, ka bar Yaya Asabe ta jiƙa muku kaya in har yanzu tana da ƙarfin yi. Amma duk wannan a dawowa. A lokacin ma, ka fara yankar tikitin gaba tun a tasha, kuma ka faɗa wa mai gida ranar tafiyarka tun kana cire takalmi, kafin a kawo ruwa, don hutunka na da iyaka kuma aikin kanti ba ya jiran mutum.

Da muka koma Zariya, sai muka tarar jirgin Ƙaura ya tashi da safiyar ranar, wani kuma sai an jira. Ba mu tambaya ba tun kafin mu tafi Kano. Mun ɗauka jirgi kullum ne, kamar na babbar hanya. Muka ɓuya a wani masauki kusa da tasha kamar ɓarayi, don kada Gwaggo ta ji mun dawo. Kai da zarar kun sauka Kano, kafin masauki, kafin abinci, ka tambayi ranar jirgin Nguru. Ka tambayi mai ba da tikiti, ka sake tambayar mata masu sayar da abinci a tasha. In bakinsu ya zo ɗaya, to.

A Ƙaura kuma na yi kuskurena na ƙarshe. Daga can sai lori, ranar kasuwa, zuwa wani gari kusa da namu. Motoci biyu ne a tsaye. Ɗaya cike da buhuna da awaki da mata, ɗaya kuwa mai tsabta, ga maza zaune a ciki kamar ta kusa cika. Ɗan kamasho ya ce, "Uwar gida, shigo nan, yanzu-yanzu za mu tashi, ga wuri a gaba saboda yaro." Babanka ya nuna mai awakin. Na ce ba zan isa wurin Inna ina warin bunsuru ba. Muka shiga mai tsabtar. Mai awaki ta tashi ta bar mu. Da rana ta take sai na ga mazan nan suna sauka ɗaya-ɗaya suna tafiya harkarsu. Ashe ba matafiya ba ne, zaunar da su aka yi don a jawo irinmu. Motar ba ta tashi ba ranar, ba ta tashi ba washegari. Daga ƙarshe jaki muka yi haya.

Kai ma daga Malam Madori lori za ka nema zuwa Haɗeja. Ka shiga wadda ka ga mata da yara da kaya a cikinta, ko da kaji za su yi maka kashi a ƙafa. Kada ka biya sai ka ga direba ya zauna. Daga Haɗeja ka tambayi masu jakunan garin su Iya a bakin kasuwa, ka faɗi sunan kakanka, za su san gidan.

Mun shiga ƙauyenmu da hantsi. Tun daga nesa na hango mata a bakin rijiya suna wanke manyan tukwane, irin waɗanda ba a fito da su sai biki ko sadaka. Na ce a raina ko wani aure aka yi. Da suka gane ni ba wadda ta yi guɗa. Ɗaya ta ajiye tukunyarta ta zo ta karɓi ƙullin da ke kaina. Tukwanen sadakar uku ne, kwana uku ke nan da rasuwar Inna.

Yayana Musa ne ya fito zaure. Ya ce, "Dije, kun iso? Sannunku da hanya." Ya sa na kwance ka, ya karɓe ka ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan ne Tankon? Kullum da la'asar sai ta ce a fitar mata da tabarma ƙofar gida, wai ko za ku ɓullo." Bai faɗa don ya soke ni ba. Ba wanda ya tambaye ni inda muka tsaya. Da sun tambaya ma da ya fi mini sauƙi.

Na san kwanan mutum a hannun Allah yake, saurina ba zai ƙara mata yini ɗaya ba. Ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma kwanakin da ta yi tana jira a ƙofar gida, ina da su a hannuna, na rarraba su a hanya. A dawowa babanka ya ce, "Ni ne babba, ni ya kamata in ce mu wuce." Daga ranar bai sake ɗaga maganar ba, ni ma haka. Zanen kuwa na kasa ba kowa, na kasa ɗaurawa. Yana ƙasan adakata har yau, ninkinsa na Kano bai warware ba.

To, in Allah ya kai ka gidan Iya, ga abin da nake so ka kiyaye. Kada ka yi sallama da ƙarfi daga zaure. Kai ba ka sani ba, amma muryarka ta babanka ce sak. Ina cikin takaba, ranar da ka dawo daga masallaci ka yi sallama, sai da na miƙe zan ɗauko masa ruwa. Ni ke nan da na ga an fita da shi. Ita ba ta gani ba, kuma idonta ya yi rauni. Ka sa wani ya shiga ya gaya mata Tanko ne, ɗan wane, ya zo da matarsa. Sannan ka shiga, ka durƙusa kusa, ka bar ta ta shafa fuskarka. Rabonta da kai tun zuwanta Minna lokacin kaciyarka, za ta yi ta mamakin gemu. In ta kira ka da sunansa, ka amsa. In ta tambaye ka yadda ya cika, ka gaya mata gaskiya: bai daɗe yana jinya ba, da kalmar shahada a bakinsa, kuma ya ambace ta. Hauwa ta dama mata kunu da hannunta. A wannan gidan kaɗai, in an ce ku ƙara kwana, ku ƙara. Ko da Kano da Zariya da Kaduna duk za su bi ruwa, ba su tafiya ko'ina.

Saura magana ɗaya, ita ce na bari ƙarshe don ta fi mini wuya.

A tsarinka Minna ce tasha ta farko. Ka cire ta. Na san kaina, Tanko. Tun da takardarka ta zo na share ɗakin babanka, na shanya katifa, na sa an ajiye mini zakara. Jiya na kama kaina ina tunanin wane da wane ya kamata ka gaisar a unguwa, da yadda zan ce ka tsaya Juma'a ka ziyarci kabari. Gidan nan ya yi mini faɗi, ba mai tari a zaure, ba ƙarar keke. In ka sa ƙafa a cikinsa, na fi Yaya Asabe iya jiƙa kaya, kuma kai ba za ka iya ce mini a'a ba.

Jirgin Ikko yakan daɗe a tashar nan yana shan ruwa. Ka aiko mini da ranar da za ku taso. Zan zo in tsaya wajen famfo, daidai inda taragon talakawa ke tsayawa. Ka leƙo ta taga in gan ka, Hauwa ma ta leƙo. Zan miƙo muku ƙulli. Akwai dakuwa da ƙuli-ƙuli da dambun nama na hanya. Akwai butar babanka, taka ce yanzu. Akwai hularsa da ya fi sawa, ban wanke ta ba, ka ba Iya a hannunta. Baƙin zanen nan ma yana ciki. Ka ce mata in ji Dije, ta ɗaura, kada ta ajiye.

In ka ga ina kuka, ka bar ni, ba ciwo ba ne. In kuma na ce maka ka sauko ko kwana ɗaya ne, don na san zan iya faɗa, kada ka ji. Wannan da na rubuta ita ce maganata. Zakaran zai jira ku a dawowa, ni ma in Allah ya yarda haka.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa ku tarar da ita da idonta biyu. Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da na ruwa da na mugun abokin tafiya, ya haɗa ku da mutanen kirki a kowace tasha, ya dawo mini da ku lafiya. Ka gaida Hauwa da kyau, ka ce ta taho da mayafi mai kauri saboda bencin. Allah ya yi muku albarka.

Ni ce mahaifiyarka,
Dije.